Daga Ina Aka Samo Shekarar 999?

Da wuya a sami ɗalibin da ya ratsa makarantar firamare a ƙasar Kano, tun daga zamanin En'e har zuwa yau, wanda bai haddace cewa Bagauda ya zama sarkin Kano na farko a shekarar 999 ba. Lamba ce mai daɗin faɗa, tara uku a jere, ko yaron da lissafi ke ba wuya ba ya mantawa da ita. Mu da muka ƙare ƙuruciyarmu da alli a hannu mun rubuta ta a allo ba adadi. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali kuwa ta cancanci a yi ta: wa ya rubuta wannan shekara, kuma da wane lissafi? A lokacin da ake cewa Bagauda ya zo, babu mai ƙirga shekaru da miladiyya a ƙasar Hausa, domin Turawa ne suka zo mana da ita, su kuwa ba su ci Kano ba sai a 1903. Hijiriyya ma ba ta zama lissafin fada ba, tun da shi kansa littafin tarihin ya ce sai a zamanin Sarki Yaji, bayan shekara 350, Musulunci ya kafu a fadar Kano. To, ta wace hanya lambar ta iso gare mu?

Abin da ya sa muka ga ya dace mu tayar da wannan magana a mujallarmu ta bana shi ne, tun da aka ɗaga darajar sarautar Karaye a 2019, aka kuma sake mata fasali a 2024 ta ƙunshi Karaye da Rogo, sha'awar sanin tarihin gida ta ƙaru ƙwarai, musamman a wajen matasa. Abin farin ciki ne. Sai dai tare da sha'awar an sami gaggawa, kowane gari yana neman shekarar kafuwa da zai rubuta a kalanda ko a ƙofar shiga, kuma gwargwadon nisan shekarar gwargwadon alfahari. Kafin mu ɗora wa garuruwanmu lambobi, yana da kyau mu ga yadda aka ƙera lambar da ta fi kowace shahara a ƙasar nan.

Littafin da yadda aka yi lissafin

Tushen maganar duka littafi ɗaya ne, wanda aka fi sani da Tarihin Kano. Da Larabci aka rubuta shi, marubucin bai sa sunansa ba. Ya fara da Barbushe da mutanen Dala da tsafin Tsumburbura, sa'an nan ya jero sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Ingila a 1908, daga baya kuma aka fitar da shi da Hausa a Zariya cikin littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda da yawa daga cikinmu muka fara karantawa a kwalejin horon malamai. Masana ba su haɗu a kan wanda ya wallafa shi ba. John Hunwick yana ganin aikin Ɗanrimi Malam Barka ne, ɗaya daga cikin manyan bayin sarki, a zamanin shi Sarki Bello. Murray Last kuwa yana ganin an fara haɗa mafi yawansa tun wajen 1650, daga baya aka yi ta ƙari.

Abin lura shi ne, littafin ba ya cewa wane ya hau gadon sarauta a shekara kaza. Abin da yake faɗa kawai shi ne tsawon mulki: wannan ya yi shekara 66, wancan ya yi 33, wani ya yi wata kaza da kwana kaza. Ya kai ma ga kawo Dakauta, bebe, wanda aka naɗa bisa zaton in ya zama sarki zai yi magana, da aka kwana ɗaya bai ce uffan ba aka tuɓe shi. Da ɗansa Atuma wanda ya yi kwana 7. Saboda haka shekarun da muke gani a gefen sunayen sarakuna ba daga marubucin suka fito ba. Palmer ne ya sa su.

Yadda ya yi kuwa ba wani abin mamaki ba ne, ɗan aji shida zai iya. Ya kama daga zamanin da aka tabbatar da shekarunsa, wato ƙarshen mulkin Sarki Alwali, na 43 a jerin, wanda masu jihadi suka kawar a 1807, daidai da 1222 ta hijira. Daga nan ya riƙa ja da baya yana ɗebe shekarun kowane sarki, kamar mai zura guga cikin rijiya gaba ɗaya-ɗaya, har igiya ta ƙare a 389 ta hijira. Da ya juya wannan zuwa miladiyya sai ta faɗa a kan 999. Ashe kyan lambar dace ne kurum, ba wanda ya zaɓe ta.

A nan akwai ɗan kacici-kacicin da malaman lissafi za su ji daɗin ba ɗalibansu. Littafin ya ce Bagauda ya yi shekara 66, amma jadawalin ya ce daga 999 zuwa 1063, wanda in an ɗebe 64 ne. Ina biyun suka tafi? Amsar ita ce shekarar wata, wadda malamanmu ke lissafi da ita, kwana 354 ce, ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. A duk shekara 33 sai an sami rarar shekara guda. Shi ya sa shekara 833 ta wata da ke tsakanin Bagauda da Alwali ta koma 808 ta rana. Palmer ya kula da wannan, kuma ya cancanci yabo a kansa. Amma mai karatu ya riga ya gane inda gizo ke saƙar: igiyar da aka ƙulla da gaɓa 43, in gaba ɗaya ta yi tsawo ko ta gaza, duk abin da ke bayanta ya goce.

'Ya'yan da suka haura shekara ɗari

Mu duba gaɓoɓin farko. Bagauda 66, Warisi 33, Gijimasu 40, sai tagwaye Nawata da Gawata da ba su daɗe ba, sai Yusa wanda ake kira Tsaraki 60, Naguji 55, Guguwa 44. Wanda ya saba duba takardun jarrabawa, da ya ga 66 da 33 da 55 da 44 sun taru a shafi ɗaya, ga kuma 40 da 60 cif-cif, dole ya gyara zaman tabarau. Rayuwar mutane ba ta cika zuwa da irin wannan tsari ba. Bakin mai ba da labari ne ke son lamba mai daɗin riƙewa.

Babban ƙullin kuwa yana wajen nasaba. A fassarar Palmer an ce Guguwa ɗan Gijimasu ne. Gijimasu ya rasu a 1134, Guguwa ya hau a 1247. Ko da a ce a ranar da mahaifinsa ya rasu aka haife shi, ya hau sarauta yana da shekara 113, ya kuma yi mulki har 1290, wato ya haura 150 a duniya. Wanda ya gaje shi, Shekarau, an ce ɗan Tsaraki ne, Tsaraki kuwa ya rasu a 1194, saboda haka shi ma ya hau yana da aƙalla 96. In muka bi layin Gijimasu, Tsaraki, Shekarau, Tsamiya, Yaji, za mu ga mutum biyar, uba da ɗa, sun cinye shekara 290. Gaskiya ne a gidan sarauta, inda dattijo mai shekara 70 kan iya samun ɗa da amarya ko ƙwarƙwara, tazarar uba da ɗa takan fi ta gidan talaka. Amma ko da wannan rangwame lissafin bai zauna ba.

Hanyoyin warware ƙullin ba su da yawa. Ta farko, a ce kalmar ɗa a nan tana nufin jika ko tattaɓa-kunne, kamar yadda har yau mukan ce wane ɗan gidan wane ne alhali kakan kakansa ake nufi. In haka ne, to akwai sarakunan da sunayensu suka zube a hanya, aka tattara shekarunsu aka ɗora wa waɗanda ake tunawa, kuma 999 tana iya zama kusa da daidai. Ta biyu, a ce nasabar daidai ce, shekarun ne aka kumbura domin girmama magabata. In haka ne sai Bagauda ya matso kusa da mu da shekara 100 ko fiye. Mu dai mun fi karkata ga ta farko, domin mantuwa ta fi ƙari sauƙi a wajen mai riƙe tarihi da ka, kuma sarkin da bai yi yaƙi ba, bai gina ganuwa ba, bai bar zuriyar da ta ci sarauta ba, shi ne farkon wanda maroƙa ke tsallakewa. Abin da ke ƙarfafa wannan shi ne Waƙar Bagauda, wadda ita ma ta jero sarakunan Kano, amma sunayenta da shekarunta sun saɓa da na littafin a wurare da dama. Ashe tun da can ba jeri ɗaya ke yawo a bakin mutane ba.

Kada wani ya ɗauka wannan aibi ne da ya keɓanta da tarihin baƙar fata. Duk al'ummar da ta waiwayi asalinta ta gamu da irinsa. Shekarar 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda Turawa ke cewa a cikinta aka kafa birnin Rum, wani malami mai suna Varro ne ya lissafo ta bayan kimanin shekara 700, ta hanyar ja da baya, daidai yadda Palmer ya yi. Su ma sarakunansu na farko guda 7 an ce sun yi shekara 244, abin da masanan yau ba su gamsu da shi ba. Mutanen Sumer na ƙasar Iraƙi ta yanzu sun fi kowa sakin hannu, domin jerin sarakunansu da aka tono a rubuce a jikin yumɓu ya ba sarkinsu na farko shekara 28,800. A Masar kuwa, wani malamin tsafi mai suna Manetho ya jera gidajen sarautar Fir'aunoni 30 ɗaya bayan ɗaya, sai daga baya aka gano waɗansu daga cikinsu a lokaci guda suka yi mulki, wani a kudu wani a arewa.

Isaac Newton, wanda yaranmu suka sani a darasin kimiyya, ya ɓata shekaru masu yawa a kan wannan matsala, aka buga littafinsa a kanta a 1728, bayan rasuwarsa. Ya bi jerin sarakunan da aka tabbatar da shekarunsu, ya ce in an raba daidai, sarki ɗaya yakan yi tsakanin shekara 18 zuwa 20. In muka gwada Kano da wannan ma'auni, 808 a raba wa 43 ya ba da kusan 19, abin sha'awa. Amma in aka raba jerin gida-gida sai hoton ya sauya: sarautu 7 na farko sun tashi da fiye da shekara 41 kowace, alhali sarakuna 24 daga Rumfa zuwa Alwali ba su wuce 14 da 'yan watanni ba.

Turke

Igiya irin wannan tana bukatar turke, wato wani abu daga waje wanda shekararsa ta tabbata, a ɗaure ta a jikinsa. Masu binciken tarihin Assuriya, a arewacin Iraƙi, sun yi sa'a, domin marubutan ƙasar sun rubuta cewa an yi husufin rana a wata shekara, masana taurari kuwa suka lissafa suka gano ranar 15 ga Yuni, 763 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ce. Da wannan rana guda aka daidaita shekaru ɗaruruwa.

Turken Kano mutum ne, Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili, malamin Tilimsan da Tuwat. Littattafan Arewacin Afirka da na Tumbutu, waɗanda ba ruwansu da Tarihin Kano, sun san shi. Ya zo Kano wajen 1492, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki, daga nan ya wuce Gawo wajen Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songhai a 1493, ya rasu wajen 1504. Lissafin Palmer kuwa, wanda ya taso tun daga 1807 yana ja da baya, ya ajiye Rumfa a 1463 zuwa 1499. Sun haɗu daram. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ma'anarsa ita ce, tsawon fiye da shekara 300, ta hannun sarakuna 24, da yaƙe-yaƙe da yunwa da juyin sarauta, masu riƙe tarihin fadar Kano ba su yi kuskuren da ya taka kara ya karya ba. Duk mai raina tarihin baka ya tsaya ya yi tunani a kan wannan.

Daga Rumfa zuwa baya ne ƙasa ke fara laushi. Ga misalin Wangarawa. Tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali su kimanin 40 a zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, shugabansu Abdurrahman Zaite, kuma da taimakon addu'arsu Yaji ya ci Santolo. Har yau akwai unguwannin Mandawari da Sheshe a cikin birni masu ɗauke da sunayen da ke cikin jerinsu. Amma akwai wata takarda ta zuriyar Wangarawan da kansu, wadda aka rubuta a 1061 ta hijira, wajen 1650, Malam Muhammad Al-Hajj ya fito da ita a 1968. Ita cewa ta yi wannan shehi ya bar Mali a 835 ta hijira, wajen 1432, kuma Rumfa ya tarar a kan gado. Tazarar ta kai shekara 100. A ganinmu ba dole sai ɗaya ya zama ƙarya ba. Fatake da malamai ba rana ɗaya suke zuwa ba, ayari ne bayan ayari; sai dai sunan wanda ya fi shahara yakan rinjayi na sauran, har a jingina masa zuwan waɗanda suka riga shi.

Haka batun Sarauniya Amina, wanda ya shafe mu kai tsaye tun da ƙasar Rogo ta yi kafaɗa da ƙasar Zazzau. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. A Zazzau kuwa an fi cewa 'yar Bakwa Turunku ce, wadda ake sa mulkinta wajen 1536, wato Amina ta koma ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, amma bai ba da shekara ba. Tsakanin ƙaulin biyu akwai kusan shekara 150, kuma har yanzu kowane yana da magoya baya a jami'o'i. Abin da muke jan hankali a kai shi ne al'adar nan ta kiran duk tsohuwar ganuwar da ba a san maginta ba da sunan ganuwar Amina. Suna ne kawai. Ba ya nuna shekarun ginin.

Wani lokaci kuma shirun littafin ne abin mamaki. Hasan al-Wazzan, matafiyin da Turawa ke kira Leo Africanus, wanda aka buga littafinsa a Italiya a 1550, ya ce Askiya ya kewaye Kano da yaƙi har ya ɗora mata haraji. Tarihin Kano bai ce komai a kan haka ba. Ko matafiyin ne ya ji a bakin 'yan kasuwa ya rubuta, ko kuwa fada ce ba ta son tuna ranar kunya.

Inda Karaye ta shigo

To, ina matsayinmu a cikin wannan duka? Sa'ar da muka yi ita ce, wurin da sunan Karaye ya fito fili a littafin yana tsakanin turaku biyu, wato bayan al-Maghili, kafin 1807, a yankin da igiyar ta fi ƙarfi. Gaba tsakanin Kano da Katsina ta faro tun zamanin Rumfa, ba ta lafa ba sai da malamai suka shiga tsakani a zamanin Sarki Shekarau, 1649 zuwa 1651. A cikin wannan doguwar gaba ƙasarmu ce bakin daga, domin ita ke fuskantar Katsina ta yamma. Littafin ya nuna a Karaye ajali ya riski Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, a zamanin da Kwararrafa suka ci ƙasa aka kuma yi yunwar shekara 11. Da ɗansa Muhammadu Nazaki ya hau, ya nemi sulhu, Sarkin Katsina ya ƙi, ya kawo yaƙi, aka gwabza a Karaye, Kanawa suka yi nasara.

Sai labarin Wambai Giwa, wanda ya kamata kowane ɗan ƙasar nan ya sani. Nazaki ya fita yaƙi ya bar shi a birni saboda rashin lafiya. Da ya warke ya nemi abin da zai faranta wa sarki rai, aka ba shi shawara ya faɗaɗa birni. Ya ja ganuwa ta fuskar yamma, wajen ƙofofin Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga da Kansakali. An ce kowace safiya yakan kawo wa ma'aikata ƙwarya 1,000 ta abinci da shanu 50 har aka gama. Duk wanda ya taso daga gida ya bi hanyar Gwarzo ya shiga birni ta Kabuga, ta gefen aikin wannan mutum yake wucewa, ko ya sani ko bai sani ba. Bayan haka Wambai ya dawo Karaye ya zauna, yana kai wa Katsinawa hari yana kwasar ganima, har ya mallaki barade masu sulke 100 da dawaki 1,000. Ƙarfinsa ya kai inda fada ta tsorata kada ya yi tawaye, saboda haka da Kutumbi ya hau a 1623 aka tuɓe shi. Kowa ya san halin sarauta, ba ta son inuwa biyu a gindin bishiya ɗaya.

Lambobin nan, 1,000 da 100 da 50, na kirari ne, ba na magatakarda ba, kuma ba ma bukatar mu rantse a kansu. Amma ko an raba su biyu, abin da ke ƙarƙashinsu yana nan. Wurin da sarki zai sauka da rundunarsa, wurin da babban hakimi zai ajiye ɗaruruwan dawaki shekara da shekaru, dole ya kasance yana da ruwa da ciyawa da dawa a rumbu, da maƙera masu gyaran linzami da mashi, da dukawa masu sirdi, da ganuwar da za a fake a bayanta. Irin wannan gari ba a dare ɗaya yake tsirowa ba. Saboda haka muna iya faɗa da ƙarfin zuciya, a gaban kowane masani, cewa shekara 400 da suka wuce Karaye ta riga ta zama babban sansani kuma garin da ake ji da shi a ƙasar Kano, kuma kafuwarta ta girmi wannan lokaci. Wannan magana ta fi wata doguwar lamba da ba ta da turke daraja, domin ita ba mai iya ture ta.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Wanda ke son ya wuce nan sai ya tambayi ƙasa, domin ita ma tana da nata lissafin. Tun wajen 1949 wani masani Ba'amurke mai suna Willard Libby ya gano cewa duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon, wanda ke fara raguwa daga ranar da abin ya mutu, rabinsa yakan tafi a cikin shekara 5,730. In aka auna abin da ya saura a jikin gawayi ko ƙashi, sai a san kimanin lokacin da aka sare itacen ko dabbar ta mutu. Da wannan hanya aka auna gawayin wani wurin narka tama a Dala, aka sami wajen ƙarni na 7. Ashe shekara 300 ko fiye kafin 999 akwai mutane a gindin Dala masu sanin ƙarfe. Littafin ma bai musa ba, tun da ya ce Bagauda tarar da mutane ya yi.

A ƙasar Katsina kuma, a Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani, akwai tuddan kaburburan manya waɗanda shi Palmer ya fara tonawa a 1907, aka sake tona waɗansu a 1992 tare da masana daga Jamus. An sami kayan ado na zinariya da na hauren giwa, da wuri, da tasoshin ƙarfe irin na ƙasashen Larabawa, aka kuma kimanta shekarunsu wajen ƙarni na 14 da na 15. Wuri daga tekun Indiya yake fitowa. Wato tun kafin a haifi Rumfa kayan nesa suna isowa maƙwabtanmu, abin da babu littafin da ya faɗa dalla-dalla.

Ƙasarmu ba ta rasa irin waɗannan shaidu ba. Manomanmu sun san kufai inda garma ke tono tsingaro, sun san gonakin da kashin ƙarfe ya hana shuka kyau, sun san ragowar ganuwa da tsofaffin rijiyoyi da karofin da aka bari. Wani sashe ya riga ya tafi: ruwan madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, ya rufe ƙasa mai faɗi tare da duk abin da ke cikinta, masu yin bulo da masu faɗaɗa gona kuma kullum suna cin nasu rabo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe na musamman mai wannan aiki, kuma daga Rogo zuwa can ba wata tafiya ba ce. Abu ɗaya da ya kamata dagatai da masu unguwanni da malaman makaranta su sani shi ne, masu awon ba sa karɓar gawayin da aka tsinto aka kawo a leda. Sai sun zo da kansu sun gan shi a inda yake kwance, sun auna zurfinsa, sun rubuta abin da ke samansa da abin da ke ƙarƙashinsa, sa'an nan su ɗauka. Tukunyar da aka ciro aka wanke aka ajiye a zaure ta zama kayan kallo, amma shekarunta sun zauna a ramin da aka fitar da ita.